Lefen Amaryar Baba

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. A farkon bazarar nan Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, wanda duk gidan muke ce wa Baba, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Ni ba mai rubutu ba ce. Ban gama firamare ba aka cire ni, don haka wanda ya ga kuskure ya yi mini afuwa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, na zauna a zaman makoki na ji ana ta yabon wani mutum, har aka naɗe tabarmi ban ji an ambaci wanda na sani ba.

'Yan uwansa mata sun zo daga Katagum a mota guda, tun daga bakin zaure suke salati. Wata tsohuwa a cikinsu ta riƙe hannun Hajiya, uwar mijina, tana cewa, "Allah sarki mai rediyo! Babu gidan da hannunsa bai shiga ba." Gaskiya ta faɗa, sai dai rabon Baba da buɗe cikin rediyo tun kafin a kawo ni gidan. Maƙwabciyarmu Babarbariya kuwa, da ta gama addu'a sai ta sassauta murya ta ce, "Mutumin kirki ne. Sai dai shagon nan. Allah ya yafe masa shagon nan." Amin ɗin da aka amsa mata ya fi na kowace addu'a ƙarfi. A waje ma, maigidana ya ce wani dattijo cewa ya yi, "Tsufa ne. Tsufa kan mayar da mutum yaro."

Shagon da suke nufi na Baba ne, yana bayan kasuwar Azare. Kwamfutoci ne a jere, samari suna shiga su buga ƙwallo ko tseren mota. Samarin nan sun zo jana'iza. Su suka yi haƙa, su suka fi daɗewa da makara a kafaɗa. Da aka dawo ba wanda ya miƙa musu tabarma, suka tsaya a tsallaken titi cikin rana. Yaya Babba, wan maigidana, mai aikin ofis, ya aika a ce musu, "Yaran gem ɗin nan su ɗan matsa, manyan baƙi na tafe." Na leƙa ta tagar zaure na ga ɗayansu yana share ido da hular kansa.

Abu biyu ne ba wanda ya taɓa a zaman: ƙafar 'yata, da kwamfutar da ke ɗakin Baba. Ni kuwa in an cire waɗannan biyun ban san wane ne Baba ba.

Yarinyar 'yar fari ce, ba na kiran sunanta. Tana goye a bayana a shekarun nan da gari ya cika da jita-jita a kan ɗigon rigakafi. Baba mutum ne da ya saurari rediyon duniya kaf, yana kuma ganin babu abin da ya wuce shi. Wata safiya mata biyu suka yi sallama da 'yar akwatinsu ta ƙanƙara. Ya tare zaure ya ce, "Jikata ba akuya ba ce da za a ɗura mata abin da ban san cikinsa ba. Ni ko rediyo sai na buɗe na gani." Ina tsaye a bayan ƙyaure, yarinya tana wasa da ɗankwalina. Ina so in fita. Amma suruka ba ta tsallake maganar uban mijinta a ƙofar gidansa. Suka shafa alli a bango suka wuce.

Ta fara takawa kenan zazzaɓi ya kama ta. Da ya sauka, ƙafar hagu ta saki kamar tsumma. A asibiti suka ce shan inna. Hajiya ta ce ƙaddara, maigidana ya ce ƙaddara. Baba bai ce ƙaddara ba. Da na haifi ƙanenta, shi da kansa ya fita titi ya kirawo masu rigakafin, ya tsaya a kansu har suka ɗiga, ya juya ɗakinsa. Ko a ranar bai dubi inda nake ba.

Dama ba ma magana. Gaisuwa ce daga nesa, ina durƙushe, ya amsa yana kallon bango. In yana da saƙo gare ni, ta bakin yarinya yake bi, ko da ina zaune a gabansa ina tsintar shinkafa. Ita kuwa amaryarsa ce, yadda kakanni ke yi da jikoki.

"Amarya, yau ma ba ki dafa mini komai ba? Zan fa sake ki."

"Sake ni mana, tsoho. Wa zai aure ka da haƙora uku?"

"Huɗu ne, maƙaryaciya. Zo ki ƙirga."

Sai ta ja jiki ta je ta buɗe masa baki. Haka suke.

Wata rana ya ɗora ta a babur ya kai ta shagon ban sani ba, ina can ina wanki. Da suka dawo, tun daga zaure take ihu, "Umma, na yi gudu! Na wuce motoci, na bar su a baya!" Yarinyar da in yara suna langa take zama a gindin bango tana riƙe musu takalma. Ya kamata in yi murna. Amma ban yi ba. Na tuna wayoyin wuta da aka ce suna reto a shagon, na tuna an ce hasken nan yana cin ido, na tuna bakin mutane: yarinya mace cikin samari. Wadda ƙafa ta riga ta rage mata kasuwa, a ƙara mata da suna? Washegari da ya tayar da babur na riƙe ta a ɗaki na ce kanta na ciwo. Jibi ma haka.

Ya gane. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya.

"Amarya, tambayi uwarki, ciwon kan nan na safe ne kawai, da na fita sai ya warke?"

Na ce, "Ki ce masa idonki ja yake yi."

"Ki ce mata nawa idon ya ga abin da ya fi wannan bai mutu ba."

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Na ce, "Ki ce masa abin da ya rage miki nake tattali."

Yarinya ba ta gane ba, ta maimaita masa da murya mai daɗi. Hajiya ta daina daka. Sai Baba ya ce, "Ki ce mata ta yi gaskiya. Amarya ba ta zuwa kasuwa. Lefe ake kawo mata har gida."

Da yamma ya shigo da ɗaya daga cikin kwamfutocin shago a bayan babur, ya kafa a ɗakinsa. Tsohuwa ce. In motoci suka yi yawa a kwana sai hoton ya riƙa tsayawa yana fizga. Yarinya ta yi wasa kaɗan ta fashe da dariya ta ce, "Tsoho, motarka ɗingishi take yi, irin nawa!" Ina bakin ƙofa da faranti. Ita dariya take yi tsakaninta da Allah. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya kashe na'urar ya ce, "Wannan ba lefe ba ne. Wannan kayan aro ne."

Daga nan ya fara abin da ya haɗa shi faɗa da kowa. Yana da wata gonar fadama a Katagum, kusa da kogi, ta gadon ubansa. Ya sayar. Ya hau motar Kano, ya dawo da kwalaye. Yaya Babba ya zo a fusace, ko takalmi bai gama cirewa ba.

"Baba, da gaske ne? Fadamar?"

"Da gaske ne."

"Don wasan yara? Me za mu ce wa mutane?"

"Ka ce musu tun da ka sa takalmin ofis ba ka taka ta ba. Ko ka san inda iyakarta take?"

"To ina abin da aka saya?"

Baba ya buɗe wani ɗan kwali ya nuna masa abu kamar gidan ashana, ko ma bai kai kaurinsa ba. Yaya Babba ya dube shi, ya dubi ubansa, ya ce, "Allah ya kyauta." Ya yi wata bai zo gaisuwa ba.

Abin nan shi ne furosesa. Baba ya ce ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Yadda ya zaɓe ta kuwa ya ba yarinya labarin ya fi sau a ƙirga, da ƙarfi, don ya san ina ji. Ya ce ɗan kasuwa ya fito masa da guda biyu. Ɗaya lambar gudunta babba ce, ita samari ke rububi. Ɗayar sabon samfuri ce, lambarta ba ta kai ba, amma ƙwaƙwalwa biyu ce a haɗe, kuma ba ta cika zafi ba.

"Ya ce mini, Alhaji ɗauki mai babbar lamba. Na ce yaro, kai a Kano kake cikin shago mai sanyi, ni Azare zan kai ta. Waccan tun a turke take gumi, in na ce ta ƙara sauri me za ta ba ni? Wannan kuwa shanu biyu ne a garma ɗaya, kuma ba su gaji ba. Lamba taka ce, zafi nawa ne."

Yarinya ta ce, "To da shanun ka sayo mini, da na sha nono."

"Ku ji ta, mai kwaɗayi. Da wa na haɗa kaina!"

Ya ce masu ƙera ta sukan rage mata gudu don tsoro, kamar uwa mai hana yaro fita. Na san da wa yake. Aikinsa shi ne ya karɓo gudun da aka ɓoye. Kullum bayan la'asar, in akwai wuta ko ya tayar da janareto, sai ya shiga wani shuɗin shafi mai rubutun Turanci, ya ɗaga wata lamba kaɗan. Kaɗan fa, kamar mai zuba gishiri a miyar baƙi. Sai ya kunna tseren, ya ba yarinya abin riƙewa mai maɓallai, shi kuma ya sa bayan hannunsa a jikin ƙarfen da ke kan furosesa mai zuƙe mata zafi. In komai lafiya, gobe ya ƙara. In hoton ya daskare, ya koma baya taki ɗaya, ya ɗan ƙara mata wuta, ya sake gwadawa. Yana cewa, "Ƙara kaɗan, ka saurara. Wanda ya yi wa jaki bulala ɗaya ya ce sai garin Shira, a ƙasa zai ƙarasa."

Ƙarfen nan ma bai bar shi yadda ya zo ba. Ya kifa shi a kan gilashi da takarda mai kaushi, yana gogawa har ya koma kamar madubi, yarinya tana duba haƙoranta a ciki. Sannan ya ɗiga wani maiƙo mai launin toka tsakaninsa da furosesa, daidai ƙwayar dawa. "Ya yi yawa ya zama bargo, ya yi kaɗan ya zama rowa."

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka waliyyi ne. Baba yana da taurin kai, kuma bai iya cewa ni ne ba. Ran da ya zarce da ƙari na'urar ta ƙi farkawa, ba wanda bai ɗora wa laifi ba. Ya ce hayaƙin turaren Hajiya ne. Ya ce masu wuta ne. Ya ce ƙanen yarinyar ne ya taɓa waya, alhali yaron yana bayana yana barci. Sai da ya gama da kowa, sannan ya zare wani ɗan batir kamar kwabo daga ciki, ya jira, ya mayar, ta tashi. Bai ba kowa haƙuri ba. Fankar Hajiya ta tsaye ma haka ya ɗauke ta tsakiyar bazara ya kai ɗakinsa.

Hajiya ta ce, "Malam, ni da nake da jini a jika ban cancanci iska ba, sai ƙarfe?"

"Ke in kin ji zafi kina da baki. Ita sai dai ta mutu."

Zafi shi ne abokin gabarsa. Ya cire murfin gefen akwatin ya jingine a bayan ƙofa, cikinta a buɗe, ana ganin komai. Ya rataya buhun algarara a taga, a jiƙa shi da ruwan randa, fanka ta jawo iska ta cikinsa ta huro wa na'urar daga ɗan nesa, don kada laima ta taɓa ta. Ɗakin Baba ya zama ya fi ko'ina sanyi a unguwar. Jiƙa buhun nan aikina ne. Ba wanda ya ba ni, ni na ɗauka, don ta nan nake samun leƙa yarinya in tabbatar ba ta kusa da waya.

Sau ɗaya ya ce, "Amarya, ce wa uwarki ta zo ta taɓa ƙarfen nan. Hannuna ya yi kanta. Ita ta fi kowa sanin zazzaɓi." Na shiga a sunkuye na sa bayan hannu, yadda nake sa wa a goshin yara sau goma a yini. Na ce wa yarinya, "Ki ce masa da ɗumi, amma ba na asibiti ba ne." Na ji ya yi 'yar dariya ta hanci. Tun daga ranar, kafin ya ƙara lamba sai an kira ni. Ban san ko girmamawa ce ba, ko kuwa hanyarsa ce ta cewa ya tuna zazzaɓin da na kwana a kansa. Bai faɗa ba.

Da ya kai inda yake so, motar ta daina ɗingishi. Ko motoci sun cika kwana, hoto yana tafiya sumul kamar ruwa a kan tangaran. Ban san komai a wasan ba, amma na san 'yata. In za ta sha kwana duk jikinta ke karkata, harshe a waje, ƙafar dama tana tokare ƙasa, ta hagun tana kwance inda aka ajiye ta. Tana ihu, "Matsa mini! Matsa!" Shi yana gefe da carbi, ba allon yake kallo ba, ita yake kallo. Ta fara cin abinci da kyau. Ta daina roƙon a bar ta ta riƙe wa yara takalma. Har ta yarda ta riƙa zuwa Islamiyya da sandarta, don ya ce amaryar da ba ta da hadda ba ta tuƙi.

Ranar Sallah ƙarama, da 'ya'ya da jikoki suka taru gaisuwa, ya sa aka ɗaga labulen ɗakin ya nuna ta da sanda.

"Ku shaida, jama'a. Wannan lefen amaryata ne. Na biya, ba a bina."

Kowa ya yi dariya. Yaya Babba, da ya huce a lokacin, ya ce, "Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki." Yarinya ta ce, "Lefe ba atamfa? Tsoho mai rowa!" Aka sake fashewa. Ni kaɗai ban yi dariya ba, don na ga fuskarsa. Da ma a ranar na ce wa maigidana a kira malam ya rubuta kyautar. Amma wa zai kira malam a kan wasan kaka da jika?

Ciwon ya kwantar da shi da zafi ya fara shigowa. Wata rana da hantsi na shiga jiƙa buhu, yarinya tana makaranta, ba kowa a ɗakin. Na ji ya ce, "Ke."

Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Na durƙusa, na ajiye kwanon ruwa. Na ce a raina, yau ce. Shekara da shekaru ina jiran kalma ɗaya. Ba na son ta da yawa. Ko "na yi kuskure" ba sai ya ce ba, ya ce "ki yi haƙuri" kawai, irin wadda ake ce wa wanda aka taka a kasuwa.

Ya daɗe yana numfashi. Sannan ya ce, "Buhun nan, kada ya bushe. Kada kuma a rufe mata gefe."

Na ce, "To, Baba."

Shi kenan maganarmu, ta farko da ta ƙarshe.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zaure. Mu mata muna ciki, amma murya tana shigowa. Malam ya yi bayani cewa jika ba ta gado in 'ya'ya suna raye, sai dai in kyauta aka yi mata da rai. Maigidana ya yi gyaran murya ya ce ai Baba ya ba yarinyar kwamfutar ɗaki, a gaban kowa, ranar Sallah. Malam ya tambaya yaya ya faɗa. Da aka maimaita masa, sai na ji dariya ƙasa-ƙasa.

Yaya Babba ya ce, "Malam, in lefe ne da gaske, to ita ma sai ta shiga takaba a ba ta tumuni."

Aka yi dariya sosai. Aka aiko a tambayi Hajiya. Ita ba mugunta ta yi ba, abin da ta sani ta faɗa: "Ai kullum haka yake ce mata. Har cewa yake zai sake ni saboda ita." Malam ya ce to ba zai iya yanke hukunci a kan raha ba, amma in magada sun yarda su bar wa yarinya, alheri ne. Yaya Babba ya ce fadamar ubansu ce a cikin akwatin nan, kuma yaransa suna sakandare, karatu za su yi da ita, ba wasa ba. Maigidana ƙane ne. Ya sunkuyar da kai. Ni ba a tambaye ni ba. Da an tambaye ni ma me zan ce? In ce mamaci ya ce a jiƙa buhu?

Ranar da Yaya Babba ya zo ɗaukar kwamfutar na roƙi maigidana ya gaya wa wansa maganar gefe da buhu. Ya ce, "Ni zan koya wa Yaya kwamfuta? Mutumin da a gabanta yake yini a ofis?" Yarinya ce ta ja sandarta har zaure ta kama rigar Yaya Babba ta ce, "Baffa, a riƙa jiƙa mata buhu. Tana jin zafi." Ya shafa kanta ya ce, "To, amaryar Baba, an ji." Ba ta yi kuka ba sai da motar ta sha kwana.

Na je gidan Yaya Babba barka bayan haka, na gan ta da idona. An mayar da murfin gefe an ɗaure, don matar Yaya ta ce abin kamar akuyar da aka feɗe, ba kyan gani a falo. An sa ta cikin kabat mai ƙofar gilashi, kusa da kwanukan ado. An lulluɓe ta da farin leshi mai huda-huda, irin wanda ake rufa wa talabijin don girmamawa. Ba su wulaƙanta ta ba, in faɗi gaskiya. Karrama ta suka yi. Yaran suna kanta tun safe, kuma ba karatu na ga suna yi ba. Lokacin ruwa bai sauka ba, zafin nan da ko ƙadangare ke neman inuwa. Na sa bayan hannuna a jikin gilashin da ba wanda ke kallo. Na asibiti ne. Na ce wa matar Yaya, "Yaya, da an ɗan buɗe mata." Ta ce, "Ƙura fa?" Aka ce na'urar tana kashe kanta da kanta, su kuma su sake kunnawa. Ita tana faɗa musu, yadda ta iya.

Ba a yi sati biyu ba suka ji ƙauri. Mai gyara ya ce furosesa ta tafi, har da allon da take zaune a kai.

Sai ga ta an dawo da ita a bayan mota, da saƙo: "A ba yarinyar nan kayanta, tun da an ce Baba ya ba ta." Da tana da rai wasa ne. Da ta mutu ta zama wasiyya.

Ɗaya daga cikin samarin shago, wanda na gani yana share ido, ya zo ya duba don Allah. Ya juya ta, ya shinshina, ya girgiza kai. Ya ce ko an samo wata, ba wanda ya san inda Baba ya tsayar da lambobinsa, a kansa suke. Shagon ma an rufe, mai sayar da katin waya ya karɓa. Maigidana ya ce in Allah ya hore zai saya mata ƙarama. Na san irin horewar nan.

Yanzu tana ɗakin Baba a inda take da, na cire mata murfin gefe na mayar bayan ƙofa. Yarinya ta koma zama a gindin bango. Islamiyya sai na yi da gaske. Amma bayan la'asar takan ja sanda ta shiga ɗakin, ta ɗauki abin riƙewa, ta zauna gaban baƙin allo. Ina leƙe ta taga. Wani lokaci sai in ga kafaɗarta ta ɗan karkata, kamar mai shan kwana.

Ranar jana'iza, da za a fita da shi, an ce duk wanda yake da haƙƙi a kansa ya yafe. Mata suka amsa, "Mun yafe." Bakina ya motsa tare da nasu. Allah ya san ban san ko zuciyata ta bi ba, har yau ban sani ba. Shi ya tare ƙofa. Shi kuma ya sayar da fadama. Na kasa ajiye ɗaya in ɗauki ɗaya. Masu cewa Allah ya yafe masa shago, ba shagon ne abin yafewa ba, kuma sun sani.

Jiya ta kira ni daga ɗakin. "Umma, buhu ya bushe."

Na ce, "Ai ba ta aiki, me za a jiƙa?"

Ta ce, "Tsoho ya ce kada ya bushe."

Ban taɓa gaya mata ya faɗa mini haka ba. Ashe ita ma ya bar mata. Na ɗebo ruwa a randa na watsa, na kunna fankar Hajiya, sanyi ya shigo ya same mu mu biyu. Ina watsawa na ji bakina yana faɗin abin da ban shirya ba: Ya Allah, bawan nan naka ya ƙare kwanansa yana gudun kada zafi ya taɓa abin da ya ba marainiyar ƙafa. Ka san abin da ya yi, ka san abin da ya kasa faɗa. Ka sanyaya masa inda yake kwance.

Yarinya ta ce amin ba ta waiwayo ba. Hannunta yana kan maɓalli.